Wasa 41 babu shan kashi babu canjaras: bajinta ce ko raunin abokan karawa?

Baƙon Minneapolis ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Watanni huɗu ke nan da zuwana birnin Minneapolis domin karatun digiri na biyu a Jami'ar Minnesota, kuma a makon jiya ne wani abokin karatuna, wanda haifaffen jihar ne, ya ja ni zuwa filin wasa na Ridder domin mu kalli 'yan matan jami'ar suna buga hokin ƙanƙara. Ban taɓa ganin wannan wasa ido da ido ba, kuma in faɗi gaskiya, kashi na farko ya ƙare ban iya bin abin da suke bugawa da ido ba, sai dai in ji jama'a sun ɗauki sowa, in juya in tambayi abokina abin da ya faru. Sanyin wurin kuwa ba a magana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tutocin da ke rataye a saman filin, masu ɗauke da shekarun da ƙungiyar ta ci kofin ƙasa. Abokina ya nuna mini ta shekarar 2013, ya ce a kakar wasa ta 2012 zuwa 2013 'yan matan sun buga wasa 41, sun kuma yi nasara a dukkansu, ba su sha kashi ba, ba su yi canjaras ba ko sau ɗaya. Ya faɗi maganar ne irin yadda dattawanmu ke ba da labarin shekarar da aka yi damina mai albarka, yana jiran in yi mamaki, ni kuwa sai zuciyata ta raya mini wani abu daban.

Ni a gidajen kallon ƙwallo na Zariya na tashi, kuma abin da muka ɗauka a matsayin ƙololuwar bajinta shi ne abin da Arsenal ta yi a kakar 2003 zuwa 2004, inda ta gama gasar Firimiya ba a doke ta ba. Amma ko ita ɗin sai da ta yi canjaras 12 a cikin wasa 38. Saboda haka idan aka ce mini wata ƙungiya ta ci wasa 41 a jere, abin da ke fara zuwa mini shi ne maganar ɗan kokawar da ya kayar da kowa a garinsu: ko dai ya isa ne, ko kuwa garin ne babu samari. Ban so in faɗa wa abokina haka ba, domin shi ya saya mini tikiti.

Ina roƙon waɗanda suka daɗe a ƙasashen nan, suka kuma fahimci wasan, su warware mini abu biyu. Yaya ainihin kakar ta gudana, su wa suka yi aikin? Sannan, tsakani da Allah, bajinta ce da ta cancanci wannan girmamawa, ko kuwa ƙungiyoyin da suka kara da su ne ba su kai ba?

Malam Na-Duluth ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena, barka da zuwa ƙasar sanyi. Na haura shekara 20 a Duluth, garin da jami'arsa ta ci kofin ƙasa na mata sau uku a jere daga 2001 zuwa 2003, saboda haka ba ni da dalilin yabon 'yan Minneapolis, kishiyoyinmu ne. Duk da haka zan faɗi abin da na gani.

Kafin a yi hukunci a kan kakar, ya kamata a fahimci yanayin wasan, domin a cikinsa ne amsar tambayarka ta biyu take. Kowane ɓangare na da 'yan wasa shida a kan ƙanƙara, biyar da mai tsaron gida, ana kuma buga kashi uku, kowanne minti 20, agogo yana tsayawa duk lokacin da aka hura usur. Abin da suke bugawa da sanda ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, ko da yake mu dai mun saba cewa an ci ƙwallo, kuma haka zan ci gaba da cewa. Ragar ƙarama ce, faɗinta ƙafa shida, tsayinta ƙafa huɗu, mai tsaron gida kuma sanye take da kayan kariya masu kaurin da ke toshe babban ɓangare na bakin ragar tun kafin ta motsa. Gudun da ake yi a kan takalman nan masu kaifin ƙarfe yana cinye numfashi da sauri, shi ya sa 'yar wasa ba ta cika wuce minti ɗaya a ciki ba sai ta fito wata ta shiga, ana cikin wasa ba tare da an tsaya ba. Ma'anar wannan ita ce tauraruwa ɗaya ba ta iya ɗaukar ƙungiya a kanta, domin fiye da rabin lokacin wasa tana zaune a benci, sai ƙungiya ta kasance tana da layi na biyu da na uku masu ƙarfi. Ma'ana ta biyu kuma, wadda ta fi muhimmanci, ita ce mai tsaron gida guda ɗaya idan ranarta ce tana iya hana ƙungiyar da ta fi ƙarfi cin komai, a kai mata hari hamsin ta tare, sannan faifan ya bugi takalmin wata a can ɗaya gefen ya gangara raga, shi ke nan an tashi. A wasan da irin haka ke faruwa kowane mako, wucewa wata shida ba a yi tuntuɓe ba abu ne mai wuyar gaske. A ɓangaren maza na manyan jami'o'i, ƙungiyar Cornell ce kaɗai ta taɓa cin kofin ƙasa da nasara a duk wasanninta, a 1970, kuma wasa 29 ta buga.

Game da waɗanda suka yi aikin, kocinsu shi ne Brad Frost, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2007 daga hannun Laura Halldorson da ta kafa ta. A gaba akwai Amanda Kessel, ƙanwar Phil Kessel da ya yi suna a gasar ƙwararrun maza ta NHL, wadda ta ci ƙwallo 46 ta kuma taimaka aka ci 55, jimilla maki 101, domin a wannan wasa ana haɗa biyun ne a lissafa wa ɗan wasa. Kusa da ita akwai Hannah Brandt, 'yar aji ɗaya a lokacin, wadda ta samu maki 82 a shekararta ta farko. A baya akwai Megan Bozek da Mira Jalosuo da wata sabuwar shiga mai suna Lee Stecklein. A raga kuwa akwai Noora Räty 'yar ƙasar Finland, wadda ta gama wasa 17 a kakar ba a zura mata ko ɗaya ba, kuma a ganina ita ce ginshiƙin al'amarin, ko da yake sunan Kessel ne ya fi fita. A ƙarshen kaka sun ci ƙwallo 216, an ci su 36, wato suna cin fiye da biyar a kowane wasa, ana cin su ƙasa da ɗaya. Kyautar Patty Kazmaier, wadda ake ba 'yar wasan da ta fi kowa a jami'o'in ƙasar, mutum uku ake fitarwa a zagayen ƙarshe, kuma a shekarar duka ukun 'yan Minnesota ne: Kessel da Räty da Bozek. Kessel ce ta karɓa.

Waɗannan alƙaluma su ne za su ƙara maka zargin da kake yi, na sani. To amma sai ka dubi wasanni uku na ƙarshe, inda tsarin sili-ɗaya-ƙwale ne, ƙungiyoyi takwas, wanda ya faɗi ya tafi gida.

A wasan kwata-fainal, ranar 16 ga Maris 2013, sun haɗu da Jami'ar North Dakota a filin nan da ka je. Karo na shida ke nan da suke haɗuwa a kakar, kowa ya san lagon kowa. An tashi minti 60 biyu da biyu. A irin wannan mataki babu bugun daga kai sai mai tsaron gida, ƙarin lokaci ake yi na minti 20, duk wanda ya fara ci ya yi nasara nan take. An yi ƙarin farko ba a ci ba, an yi na biyu ba a ci ba, aka shiga na uku har ya kusa ƙarewa kafin Kelly Terry ta tura faifan cikin raga, bayan an buga kusan minti 119, wato kusan wasa biyu cur a yini ɗaya. Ka yi tunanin ƙungiyar da ta ci wasa 38 a jere a kakar, tana tsaye kusan awa guda ta ƙarin lokaci a matsayin da kuskure ɗaya zai mayar da dukkan abin da ta tara labarin banza, ba za ta ko kai wasan kusa da na ƙarshe da za a yi a gidanta ba. Mai tsaron gidan North Dakota, Shelby Amsley-Benzie, ita ma 'yar aji ɗaya ce, kuma ta yi abin da ya kamata a ce ya isa a ci wasa.

Kwana shida bayan haka suka gamu da Boston College a wasan kusa da na ƙarshe. Boston College ce ta fara ci, Minnesota ta rama ta wuce gaba, aka sake ramawa, aka tashi biyu da biyu, sai a ƙarin lokaci Sarah Davis ta raba gardama. Wasan ƙarshe, ranar 24 ga Maris, shi ne ya zo da ɗan sauƙi, inda suka doke Boston University da ci 6 da 3 (jami'o'i biyu ne daban, kada sunan ya rikita ka). Ƙungiyar da ke wasa da marasa ƙarfi ba ta shiga ƙarin lokaci sau biyu a jere a hanyarta ta zuwa kofi.

Injiniya Winnipeg ya rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani, amma da izininsa zan ce zargin ƙanenmu yana da tushe, kuma bai kamata a share shi da labarin wasa biyu ba. A lokacin da ake magana, jami'o'in da ke buga wannan gasa ta mata a babban mataki ba su kai 40 ba a duk faɗin Amurka, kuma ƙarfin ya taru ne a hannun 'yan kaɗan. Daga 2001 da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara shirya kofin mata har zuwa 2013, kofi 13 ke nan, jami'o'i uku ne kawai suka ci: Minnesota Duluth da Minnesota da Wisconsin, kuma duka ukun a rukuni ɗaya suke, wato WCHA. Har zuwa lokacin babu wata jami'a daga gabashin ƙasar da ta taɓa cin sa, duk da cewa a can ne yawancin ƙungiyoyin suke.

A cikin wasa 41 ɗin, 28 na rukunin ne, inda ake karawa da kowace daga cikin ƙungiyoyi bakwai sau huɗu. Wasu daga cikinsu, irin su St. Cloud State da Minnesota State da Bemidji State, ƙananan jami'o'i ne na jihar, waɗanda galibi ke ɗaukar 'yan matan da babbar jami'ar ta riga ta zaɓa ta bari. Wasa 12 ke nan da su kaɗai. Sannan kakar ta zo a daidai lokacin da manyan kishiyoyin biyu suka yi sanyi. Wisconsin, wadda Minnesota ta doke da ci 4 da 2 a wasan ƙarshe na 2012, ta rasa Hilary Knight da ta kammala karatu, kuma ko da yake Brianna Decker tana nan, ƙungiyar ba ta samu gurbi a cikin takwas ɗin ƙarshe ba a 2013. Duluth ɗin Malam ma ba ta samu ba, in ya yarda a faɗa.

Ba ina nufin a raina abin da suka yi ba ne. Abin da nake cewa shi ne kwatanta shi da gasar Firimiya ba daidai ba ne, domin a can ƙungiya ta 15 ma tana da kuɗin sayen 'yan wasan ƙasashe, a nan kuwa tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta 15 mai faɗi ce ƙwarai, ana iya tashi wasa bakwai ko takwas da nema ba wanda ya yi mamaki. Idan za a yi adalci, sai a ce daga cikin wasa 41 akwai wajen goma sha wani abu da suke gwaji na gaske, sauran kuwa gwajin natsuwa ne kawai, kada a yi sakaci. Ƙungiyar ta ci jarrabawa biyun, wannan gaskiya ne.

Wani abu da ba zan bari ya wuce ba, tunda a Kanada nake zaune: Kelly Terry 'yar lardin Ontario ce, Sarah Davis kuma 'yar Newfoundland. Ƙwallaye biyun da suka ceci tarihin da Amurkawa ke tinƙaho da shi, 'yan Kanada ne suka ci su, wadda ta tsare raga kuma 'yar Finland.

Maman Hanifa ta rubuta:

Sallama gare ku. Ina aikin jinya a jihar North Dakota, kuma na shiga maganar ne domin a duk lokacin da aka ba da labarin kakar nan, ana ambaton ƙungiyar jiharmu a matsayin dutsen da aka taka aka haye, alhali labarinta ya fi haka.

Injiniya ya ce ƙarfin ya taru a hannun 'yan kaɗan, kuma haka ne, amma yana da kyau a faɗi dalili, domin ba daga sama ya faɗo ba. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, kuma da ita aka tilasta wa jami'o'i su buɗe wa mata ƙungiyoyin wasa da tallafin karatu kamar yadda suke yi wa maza. Jihar Minnesota ta riga kowa amfani da damar a wannan wasa a matakin sakandare, domin a 1994 ta zama jiha ta farko da ta amince da hokin ƙanƙara na 'yan mata a matsayin cikakken wasan makarantun sakandare. Jami'ar ta kafa ƙungiyarta a 1997, a 1998 aka fara wasan mata a gasar Olamfik ta Nagano inda Amurka ta ci zinare, a 2002 kuma aka buɗe filin Ridder mai ɗaukar mutum 3,400, wanda shi ne na farko da aka gina musamman domin ƙungiyar hokin mata ta jami'a. Hannah Brandt da Lee Stecklein, waɗanda aka haifa a daidai shekarun da aka fara wannan shiri, a unguwannin da ke kewayen St. Paul suka tashi, suka tarar da komai a shirye: fili da koci da gasa tun suna ƙanana. Wanda ya yi shuka shekara 20 kafin maƙwabtansa, ba a cewa ya yi sa'a idan rumbunsa ya fi nasu cika. Saboda haka ni a wurina tazarar da Injiniya ya ambata ba ta rage darajar kakar, ita kanta tazarar aikin jihar ce.

Yanzu ga North Dakota. Ƙarfin ƙungiyar a wancan lokaci ya dogara ne a kan tagwaye, Jocelyne da Monique Lamoureux, 'yan garin Grand Forks inda jami'ar take. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a Minnesota suka fara, suka buga kakar 2008 zuwa 2009 a ƙarƙashin Brad Frost ɗin nan, sannan suka tattara suka koma gida, zuwa ƙungiyar da a lokacin ba ta taɓa zuwa gasar kofin ƙasa ba. Su suka ɗaga ta. Wasan nan na ƙarin lokaci uku da Malam ya bayyana shi ne wasansu na ƙarshe a jami'a, kuma tsohuwar ƙungiyarsu ce ta rufe musu shi. Mutanenmu har yau suna ganin bai kamata a haɗa su da Minnesota tun a zagayen farko ba, domin masu tsara gasar mata a wancan zamani suna duba kusancin garuruwa don rage kuɗin jirgi, ba ƙarfin ƙungiyoyi kaɗai ba.

Sannan ku lura da wannan. Jerin nasarorin Minnesota bai fara da kakar ba kuma bai ƙare da ita ba. Ya fara ne a Fabrairun 2012, bayan North Dakota ta doke su. Suka ci wasa takwas na ƙarshen waccan kaka, suka ɗora 41, jimilla 49 (ƙanena mai son Arsenal zai gane wannan lamba), suka shiga kaka ta gaba suka ƙara 13, har ya kai 62. Ranar 17 ga Nuwamba 2013 aka tsinke shi da ci 3 da 2, a filin Ridder, kuma North Dakota ce ta sake yin aikin, a lokacin tagwayen ma sun riga sun tafi.

A Maris na 2017 jami'ar ta soke ƙungiyar hokin mata gaba ɗaya, tare da ƙungiyoyin ninƙaya na maza da mata, saboda rage kasafin kuɗi, kuma labarin ya fita ne 'yan matan suna kan ƙanƙara suna atisaye. Ba a yi shekara guda ba, a Fabrairun 2018 a gasar Olamfik ta PyeongChang, Monique ta ci ƙwallon da Amurka ta rama wa Kanada a wasan ƙarshe, Jocelyne kuma ta ci wadda ta ba su zinare a bugun daga kai sai mai tsaron gida, karo na farko tun 1998. A cikin wannan tawaga akwai Kessel da Brandt da Stecklein. Idan ana son sanin ko garin akwai samari, kamar yadda ƙanenmu ya kwatanta, to a dubi waɗanda suka tsaya a kan dandamalin karɓar zinare a ranar, wasunsu daga ɓangarori biyun wancan wasa na 16 ga Maris suka fito.

Malam Na-Duluth ya sake rubutawa:

Hajiya, na gode, kin cike giɓin da na bari. Injiniya kuma na karɓi tsokanar, gaskiya ce ba mu je ko'ina ba a 2013, sai dai in tuna maka cewa mai tsaron gidan da ta tare bugun ƙarshe na Kanada a PyeongChang, Maddie Rooney, ɗalibar Duluth ce a lokacin.

Na yarda da lissafinka cewa wasannin gwaji na gaske ba su kai rabi ba. Inda muka rabu shi ne abin da wannan ke nunawa. Idan raunin abokan karawa ne ya haifar da kakar 2013, ya kamata a ce an maimaita ta, domin tazarar da ke tsakanin manya da ƙanana ba ta gushe a shekara ɗaya ba. An kuwa samu waɗanda suka kusa, kuma abin da ya same su shi ne hujjata.

A kaka ta gaba, 2013 zuwa 2014, Minnesota ɗin kanta, ba Räty ba Bozek da suka gama karatu, ba Kessel ba Stecklein da suka tafi shirin Olamfik na Sochi, ta sake kaiwa wasan ƙarshe da shan kashi ɗaya tak, wato na hannun North Dakota. Kowa ya ɗauka kofi na uku a jere ne. Sai Clarkson, wata ƙaramar jami'a da ke garin Potsdam a arewacin jihar New York, ta doke su da ci 5 da 4, ta zama ta farko daga wajen rukunin WCHA da ta ci kofin. Samarin suna nan a garin ashe, girma ne suke yi.

Misali na biyu ya fi wannan kaifi. A kakar 2015 zuwa 2016, Boston College, ƙarƙashin koci Katie King Crowley, da Alex Carpenter a gaba, ta ci wasa 40 a jere ba canjaras, ta isa wasan ƙarshe saura mataki ɗaya ta yi daidai da tarihin Minnesota. Wadda ta tare mata hanya ita ce Minnesota. Kessel, wadda buguwar da ta samu a kai ta hana ta wasa kusan shekara biyu har aka ɗauka ta yi ban-kwana da ƙanƙara, ta dawo a watan Fabrairu, kuma ita ta ci ƙwallo ta biyu a wasan da aka tashi 3 da 1. Boston College ta gama da nasara 40 da shan kashi ɗaya, babu kofi, kuma a yau ba kowa ke tuna ta ba sai masu bin wasan sosai. Ƙanena, tunda ƙwallon ƙafa ka sani, ka tuna Bayer Leverkusen a 2024, wadda ta yi wasa 51 ba a doke ta ba, sannan Ademola Lookman ya zura mata uku shi kaɗai a wasan ƙarshe na kofin Europa a Dublin. Bambancin shi ne Leverkusen ta riga ta ajiye kofin Bundesliga a gida kafin ranar, ita kuwa gasar jami'o'in Amurka, kofin ƙasa a wasan ƙarshe kawai ake ba da shi, komai yawan abin da ka tara a baya.

Saboda haka amsata ga tambayarka ta biyu ita ce, rabin zarginka daidai ne: da ƙungiyoyin sun yi kusa da juna a ƙarfi kamar na Firimiya, da babu wanda zai kai wasa 38 ba tuntuɓe. Amma wannan tazara iyakarta ta kai ƙungiya bakin watan Maris. Daga nan Minnesota ta 2014 ta faɗi, Boston College ta 2016 ta faɗi, ta 2013 kuwa ta wuce, da ƙyar, sau biyu a ƙarin lokaci.

Baƙon Minneapolis ya sake rubutawa:

Malam, Injiniya, Hajiya, Allah ya saka da alheri, na samu fiye da abin da na nema. Na nuna wa abokina maganar Injiniya game da 'yan Kanada biyun, bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya ce ai Kessel ma 'yar Madison ce, garin da Jami'ar Wisconsin take, kuma ƙwace ta daga hannun kishiya shi ma nasara ce. Ya ce akwai ƙungiyar ƙwararru ta mata a St. Paul, a gasar PWHL da aka fara a Janairun 2024, wadda Lee Stecklein na cikin waɗanda suka ci mata kofin farko, ya kuma yi alkawarin kai ni idan mun gama jarrabawa. Kafin nan zan koma Ridder, wannan karo da rigar sanyi biyu, kuma zan zauna a bayan raga in sa ido a kan mai tsaron gida kamar yadda bayanin Malam ya nuna. Saura abu ɗaya da ban gane ba a ranar: sau da yawa na ga an hura usur an dawo da wasa can baya alhali ban ga wadda ta taɓa kowa ba, faifan ne kawai aka buga ya tsallake filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mene ne laifin?